SATA A CIKIN GIDA: HAKKIN MAI GIDA DA HAKKIN ƊAN AIKI

Jawabi ga taron dattawa, zumuntar mata da matasa na ikkilisiyoyinmu na Birnin Kebbi da Argungu

 

GABATARWA

An ba mu magana a kan satar 'yan aiki a gidajen masu hali, da kuma yadda za a tsare gida. Wataƙila wani zai ce, ina ruwan ikkilisiya da wannan, alhali yawancinmu ba mu da gida a GRA? Ruwanmu yana da yawa.

Na farko, a cikinmu akwai ma'aikatan gwamnati, malaman makarantu, ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa waɗanda suke da 'yar aiki, ko maigadi, ko direba. Na biyu, 'ya'yanmu da suke aiki a gidajen mutane sun fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba. Yarinyar da take wanke-wanke a Gesse ko Gwadangaji, sau da yawa daga ƙasar Zuru ko Yawuri aka kawo ta, kuma a ajin baftisma namu take. Ranar Lahadi uwar ɗaki da 'yar aiki a majami'a ɗaya suke sujada, in kuwa waya ta ɓace ran Talata, dukansu gidan fasto suke zuwa da kuka. Na uku, mu tsiraru ne a wannan yanki. In yaronmu ɗaya ya yi sata, ba sunansa kaɗai ake kira ba, sai a ce halinsu ne. Saboda haka maganar ta shafi dukiyarmu, ta shafi 'ya'yanmu, ta kuma shafi shaidarmu a gaban maƙwabta.

YADDA GARURUWANMU SUKA SAKE

Dattawan da suke nan sun san Birnin Kebbi kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Da garin ya zama babban birnin jiha, ma'aikata suka ƙaru, unguwanni irin su Gesse, Gwadangaji da rukunin gidaje na Aliero suka cika. An kafa Jami'ar Tarayya a 2013. A watan Nuwamba 2015 a nan aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki, a 2017 kuma aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Kuɗi ya shigo kwarin Rima, gidaje masu doguwar katanga, da ƙofar ƙarfe, da waya mai kaifi a bisa, suka yawaita.

A dā, in mutum yana bukatar mai taimako a gida, ɗan ƙanensa ko 'yar ƙanwarsa yake ɗauka. An san uwarta, an san ubanta, an san ƙofar gidansu. Yau miji yana ofis, mata tana ofis ko shago, yara suna makaranta, gida kuwa tun daga ƙarfe takwas har la'asar yana hannun wanda mai gidan bai san ko sunan ƙauyensu ba. Katanga tana tare wanda yake waje. Wanda aka miƙa wa makulli da hannu, ba abin da katanga za ta yi masa.

Abin da ya faru a Legas a 2018 ya isa darasi. Rukunin gidaje na Parkview a Ikoyi yana cikin wuraren da suka fi tsaro a ƙasar nan, da ƙofa da masu gadi dare da rana. Duk da haka, ranar 31 ga Oktoba na wannan shekara, a cikin gidansa aka kashe wani babban ɗan kasuwa, Cif Ope Bademosi. Wanda ya kashe shi kukunsa ne, wani saurayi ɗan ƙasar Togo da aka ɗauka aiki 'yan kwanaki kaɗan kafin nan, kuma kuɗi ya je nema. A 2019 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Masu gadin ƙofa ba su da dalilin tare shi, gama ɗan gida ne.

IRIN SATAR DA AKE KAWO MANA ƘARA

Satar cikin gida hawa-hawa ce. Akwai ƙarama, wadda ba a cika lura da ita ba: mudun shinkafa daga sito, canjin cefane, man janareta, ɗan man mota da direba yake zuƙewa. In ba a tsawata ba, hannu yakan saba, ya kai ga ta biyu, wato waya, sarƙar gwal, atamfa, tukunyar gas, batirin sola.

Ta uku sabuwa ce. Uwar ɗaki ta aiki yarinya wurin mai POS, ta ba ta kati ta kuma faɗa mata lambar sirri. Ko tsoho da idonsa ya yi rauni ya miƙa wa yaron gida waya ya ce ya tura masa kuɗi. Daga ranar nan asusun bankin ya zama na mutum biyu.

Ta huɗu ita ta fi muni, wato ɗan aiki bai ɗauki kome da hannunsa ba, amma ya ba da labari: yaushe mai gida yake tafiya, wane ɗaki kuɗi yake, wace hanya yara suke bi zuwa makaranta. Da ɗan gari akan ci gari. A zamanin satar mutane don kuɗin fansa, irin wannan labari yana iya jawo asarar rai. Wani lokaci ma yaron bai nufi mugunta ba, surutu ne kawai a wurin mai shayi ya faɗa a kunnen da bai kamata ba.

ME YAKE KAWO TA?

Sata zunubi ce, talauci kuwa ba ya mai da ita halal. Doka ta takwas cikin Dokoki Goma ba ta ware matalauci ba. Labarin Gehazi baran Elisha, cikin 2 Sarakuna sura 5, ya nuna mana bara wanda yunwa ba ta dame shi ba, kwaɗayi ne ya kai shi ga hallaka. Akwai 'yan aikin da ake biya da kyau, ake ci da su, su kuma yi sata. Wannan gaskiya ce, ba za mu ɓoye ta ba.

Amma Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bari mu duba warin daddawar.

Albashi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga N18,000 a 2011 zuwa N30,000 a 2019, ya kai N70,000 a 2024, Jihar Kebbi kuwa ta sa wa ma'aikatanta N75,000 a wannan shekarar. Sai dai dokar ba ta tilasta wa mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, wato 'yar aikin gida ba ta ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kome ya yi tsada, ma'aikaci ya yi kuka aka ƙara masa, amma a gidaje da yawa kuɗin 'yar aiki yana nan inda yake. Kowa ya tambayi kansa: abin da nake biyan maigadina zai ciyar da iyalinsa kwana nawa?

Riƙe albashi. Akwai masu cewa, muna tara mata ne sai za ta tafi gida. Wata uku, wata shida, wani lokaci shekara. Ranar da aka yi faɗa, sai a kore ta hannu wofi. Littafin Firistoci 19:13, Maimaitawar Shari'a 24:14-15 da Yakubu 5:4 duk sun yi magana a kan mai riƙe ladan ma'aikaci, kuma a layin masu ƙwace suka sa shi. Wanda ya hana ma'aikaci hakkinsa shi ya fara sata a gidan.

Dillalai. Mun san matan da suke zuwa ƙauye su kwaso yara su rarraba a gidajen birni, ƙarshen wata su karɓe kuɗin. Yarinya tana aiki daga asuba zuwa dare, ko kuɗin sabulu ba ya shiga hannunta. Mai gida bai san iyayenta ba, iyayenta ba su san gidan da take ba.

Gudun hijira. Hare-haren 'yan bindiga a Danko-Wasagu, Sakaba da kewaye sun raba iyalai da gonakinsu. Ba mu manta da kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni 2021 ba, ko harin Mera a ƙaramar hukumar Augie, kusa da Argungu, a watan Nuwamba 2024. Uban da ya rasa gona yakan ba da 'yarsa aiki ga duk wanda ya zo, ita kuma kullum ana yi mata waya daga gida cewa babu abinci.

Sakaci. A bar kuɗi a kan gado, gwal a kan madubi, a ce wa yarinya mai shekara goma sha huɗu ta shiga ta share. Kullum muna roƙon kada a kai mu cikin jaraba, bai kamata mu ajiye wa ɗan wani ita a gabansa ba.

Masu saye. In babu mai karɓa, ɓarawo ba shi da kasuwa. Wanda ya sayi wayar dubu ɗari biyu a kan dubu talatin ya san abin da ya saya, ko da yana riƙe da muƙami a ikkilisiya.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Final Kod da Arewa take aiki da ita tun 1960 ta ware satar bara a gidan ubangidansa a matsayin laifi mai nauyi. A tsarinta na asali, sashe na 289 ya kai hukuncin har ɗaurin shekara bakwai. Karɓar kayan sata da sani shi ma laifi ne mai zaman kansa. Tun shekarar 2000 kuma jiharmu tana da kotunan shari'ar Musulunci masu hukunta Musulmi a kan laifuffuka, wanda ba Musulmi ba kuwa kotun majistare ce tasa. Matasa, ku ji wannan da kyau: waya ɗaya tana iya cinye ƙuruciyar mutum a gidan yari.

Doka ba ta bar mai gida ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take zartarwa, ta haramta ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida, hukuncin kuwa ɗaurin wata shida ne zuwa shekara uku. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36, ya ce wanda ake zargi marar laifi ne sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, mu kuwa a Birnin Kebbi da Argungu kotu tana cikin gari. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta gana wa mutum azaba don ya amsa laifi. Mai gidan da ya ɗaure yarinya, ko ya zane ta da wayar wuta, ko ya kulle ta ba abinci, shi ma ya aikata laifin da za a gurfanar da shi a kai.

ZARGIN MARAR LAIFI

'Yan'uwa, a nan muke so mu ɗan tsaya. In abu ya ɓace a gida, ido yakan fara sauka a kan wanda ba shi da kowa. Amma duk dattijon da ya taɓa zaman sulhu ya san sau nawa gaskiya take fitowa daga baya: ɗan masu gida ne da ya shiga shaye-shaye ko cacar ƙwallo ta waya, ko ƙanen matar gida, ko kuwa kuɗin yana cikin aljihun wata riga. A lokacin an riga an doke yarinyar, ta kwana a ofishin 'yan sanda, labari ya kai ƙauyensu, wanda yake neman aurenta ya janye. Wa zai mayar mata da sunanta? Yusufu ma bara ne a gidan Fotifar, aka jefa shi kurkuku a kan maganar mutum ɗaya, ba a kuwa tambaye shi ba.

Muna gargaɗi a kan abu biyu. Na ɗaya, kada ɗan ikkilisiya ya je wurin boka, ko mai duba, ko wani mai kiran kansa annabi, don a nuna masa ɓarawo. Wanda aka biya don ya faɗi suna, dole ya faɗi suna, kuma sunan mai rauni zai faɗa. Na biyu, kada a yi ihun ɓarawo a tara jama'a. A watan Oktoba 2012, a Aluu ta Jihar Ribas, an kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a kan zargin sata da ba a tabbatar ba, a 2017 kuma kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa saboda wannan aika-aika. In taro ya haɗu, wanda ya kira shi ba ya iya tsai da shi.

Kada kuma mu yi wa wasu abin da ba mu so a yi mana. Yadda ba mu so a ce 'yan Zuru ɓarayi ne, haka bai halatta mu ce Buzaye, ko Zabarmawa, ko Fulani, ko almajirai ɓarayi ne ba. Da yawa cikinmu mun bar gida da yara a hannun maigadi Musulmi shekara da shekaru, ko allura ba ta ɓace ba.

SHAWARA GA MASU GIDA

1. Kada ku ɗauki wanda ba ku san asalinsa ba. Ku ga iyayensa ko mai tsaya masa ido da ido, ku san gidansu, ku karɓi hoto da lambar NIN, ku sanar da mai unguwa. In kamfanin gadi ne, ku nemi ganin lasisinsa, gama hukumar Sibil Difens ce take kula da irin waɗannan kamfanoni.

2. Ku rubuta yarjejeniya, ko da a takardar littafin makaranta ce: aikin da za a yi, albashi, ranar biya, ranar hutu. Kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu.

3. Ku biya a kan kari, a hannun mai aikin ko a asusunsa. Ku ajiye littafin biya. In farashi ya tashi, ku duba nasa albashin.

4. Kuɗi mai yawa ya kwana a banki. Gwal da takardun fili su kasance a kulle, makulli a hannunku. Lambar sirri ta kati da ta waya taku ce ku kaɗai. In makulli ya ɓace, ko ma'aikaci ya bar aiki, a sake kwaɗo.

5. Ku rage maganar kuɗi da ta tafiye-tafiye a gaban kowa, har da yaranku, ku kuma daina sa hotunan cikin gida a Facebook.

6. Mai halin sa kyamarar tsaro ya sa a ƙofa, da falo, da tsakar gida, ya kuma gaya wa 'yan aiki akwai ta. Tana hana mai niyya, tana kuma wanke marar laifi. Amma haram ne a sa ta a banɗaki ko ɗakin kwanan 'yar aiki.

7. Ku san maƙwabtanku, Kirista da Musulmi. Ku biya kuɗin 'yan sintirin unguwa, ku halarci taronsu. Maƙwabcin da ya san fuskokin gidanku zai gane baƙuwar mota a ƙofarku.

8. In abu ya ɓace, a bincika ko'ina tukuna, a tambayi kowa har da 'ya'yan gida. A kira mai tsaya wa ɗan aikin da dattijo ɗaya. In abin babba ne, a kai wa 'yan sanda, kuma mai gida ya tabbata ba a taɓa lafiyar yaron ba.

SHAWARA GA 'YAN AIKI DA IYAYENSU

'Ya'yanmu, amana ita ce jarinku. Wanda aka shaide shi da gaskiya a gida ɗaya, gidaje goma za su neme shi. In kun tsinci kuɗi a aljihu wurin wanki, ku miƙa nan take. In uwar ɗaki ta ba ku kyautar zane ko tsohuwar waya, ku nuna wa wani babba a gidan don ya zama shaida. In an hana ku albashi, kada ku biya kanku da hannunku, ku zo wurin uwar zumunta ko dattijo. Kada ku shigo da baƙo gidan da ba naku ba, kada ku kai sirrin gida waje, ko ga saurayi ne. Ranar barin aiki, ku buɗe jakarku a gaban masu gida da shaida kafin ku fita. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Iyaye, kada ku ba da yaro ga dillaliya ba ku san gidan da za a kai shi ba. In ya dawo Kirsimeti da kayan da albashinsa ba zai saya ba, ku tambaya kafin ku sa albarka. Ku kuma rage matsa wa yara da neman kuɗi, gama matsin gida yana cikin abin da yake tura su.

AIKIN IKKILISIYA

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta ɗauki abu huɗu. Ta buɗe rajistar 'ya'yanmu masu aikin gida, da sunan unguwar da suke da lambar iyayensu. Zumuntar mata ta naɗa iyaye biyu masu ziyartarsu, su kuma roƙi masu gida izinin zuwansu sujada da makaranta. Fasto kada ya sa hannu a takardar shaidar wanda bai sani ba don kunya ko don yare ɗaya ne, gama shaida ɗaya ta ƙarya tana rufe wa yara goma ƙofa. Sa'an nan a sami kwamitin sulhu mai sauraron ɓangare biyu, a sa lauya ko ɗan sanda mai ritaya a ciki in akwai shi.

In an tabbatar ɗanmu ya yi sata, ba za mu rufe ba. Zai amsa, ya mayar ko ya biya a hankali, kamar yadda Fitowa sura 22 ta kafa ƙa'idar ramuwa, ya kuma shiga horon ikkilisiya. Amma ba za mu yar da shi ba. Manzo Bulus ya rubuta wasiƙa sukutum zuwa ga Filimon a kan bawa guda da ya gudu daga gidan ubangidansa, ya ɗauki bashinsa a wuyansa, ya roƙa a karɓe shi kamar ɗan'uwa. In kuwa mai gida ne ya cuci ɗan aiki, shi ma dattawa za su kira shi, kome yawan baikonsa.

KAMMALAWA

'Yan'uwa ƙaunatattu, mu gyara katanga, mu sayi kwaɗo mai kyau, waɗannan duk daidai ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, tsagar kuwa sau da yawa a cikin gida take: ɗaukar wanda ba a sani ba, hana hakki, sakaci, da kwaɗayi. Kowa ya koma ya duba nasa bangon. Muna fata kafin taronmu na gaba kowace ikkilisiya za ta zo da rajistarta a hannu, da sunayen iyaye matan da ta naɗa.

Ubangiji ya tsare gidajenmu, ya tsare hannuwan 'ya'yanmu, ya ba jiharmu da ƙasarmu salama.  Amin.